Gwaggo Hannatu da Masu Ciwon Kai

To, jama'a, saƙonku ya iso. Wanda ya aiko a rubuce na karanta, wanda ya tare ni a bakin masallaci na saurara, wanda kuma ya sa matarsa ta gaya wa matata, shi ma nasa ya iso, har da gyara a kai. Abin da na yi kawai shi ne na ce ku nemi littafin Hannah Arendt mai suna Between Past and Future, wato Tsakanin Jiya da Gobe, ku karanta. Ban ce ku haddace ba, ban ce za a yi jarrabawa ba. Yanzu ga shi wasunku na fama da ciwon kai, wasu na neman in biya su kuɗin littafi, wasu kuma sun laƙaba wa baiwar Allah suna Gwaggo Hannatu, wai don ta fi kowace gwaggo iya jan zance. Sunan ya yi mini, na karɓa. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka, don haka ku matso mu yi ta.

Bari in fara da abokin wasana, wani Bazazzagi da kullum yake tuna mini cewa su karatu suka gada, mu Kanawa kuwa ciniki. Ya ce ya karanta gabatarwar, ya koma ya sake, yana ƙara karantawa yana ƙara ɓata. Wai shi littafin siyasa ya saya, sai ya tarar da wani mawaƙin Faransa, René Char, da wani marubucin labarai, Franz Kafka, sun tare ƙofa. Gaskiya ne, Malam, sun tare. Char ya yi yaƙin sunƙuru da sojojin Hitler lokacin da suka mamaye Faransa. Shi da abokansa sun ɗanɗani wani irin 'yanci a cikin ɓuya da haɗari, inda kowa yake aiki da sunan jama'a ba tare da muƙami ko albashi ba. Da aka kori Jamusawa kowa ya koma harkar gabansa, abin ya suɓuce musu, ko sunan da za su kira shi da shi ba su samu ba. Na Kafka kuwa ɗan labari ne na wani mutum a tsaye bisa hanya, wani na tura shi ta baya, wani na tare shi ta gaba. Na bayan shi ne jiya, na gaban shi ne gobe, wanda ake matsa a tsakiya shi ne mai tunani. Saboda haka in tun a shafi na biyar ka ji an matse ka ta ko'ina, Malam, ka iso inda aka aike ka. Mutumin Kafka kai ne. Sai dai a Zariya a ba ka lambar yabo.

Wasiƙar da ta fi kowace nauyi daga wani dattijo ta fito, tsohon magatakardan kotun shari'a. Ya kama hoton da Arendt ta gina gabatarwarta a kai: magada da aka bar wa dukiya babu takardar wasiyya. A wajenta al'adar da ake miƙawa daga kaka zuwa jika ita ce wasiyyar, ita ke gaya wa magaji ga abinka, ga inda yake, ga amfaninsa. Ta ce a Turai igiyar wannan al'ada ta faro daga Aflatun, ta ƙare a kan Karl Marx, sannan mulkin Hitler da na Stalin suka zo da ta'asar da babu wani tsohon ma'auni da zai iya aunawa, igiyar ta tsinke gaba ɗaya. Sai Baba ya ce, "Wannan matsalar Nasara ce. Mu gado ba ya jiran wasiyya. Kason kowa a rubuce yake, wasiyyar ma ba ta wuce sulusi." Allah ya gafarta malam, ka ba ni dariya, ka kuma ba ni aiki. A gadon gona da gida babu mai ja da kai. Gadon mulki fa? Mun gaji sarauta, mun gaji En'e, a 1960 mun gaji majalisa irin ta Ingila, mun gaji dokar soja, a 1979 muka aro tsarin shugaban ƙasa daga Amurka. Duk ga su nan jibge a ɗaki ɗaya. Wane alƙali ne ya zauna ya raba mana, ya ce ga hurumin hakimi, ga na ciyaman, ga na liman? Ranar da gwamna ya tuɓe rawani ko ya naɗa, mu da kanmu muke rabuwa gida biyu muna tambayar wa ke da hakkin yin haka. Ka ga ke nan Baba, kai da ka ce littafin bai shafe mu ba, kai ka fi kowa shiga cikinsa.

Mafi yawanku kuwa Turanci kuka ɗora wa laifi. Wai ya yi kauri, jimla ɗaya sai ta ci rabin shafi, ga Girkanci ga Latin ana yayyafawa babu ko gargaɗi. Ku yi haƙuri, ita ma Turancin ba na gidansu ba ne. Bayahudiya ce 'yar Jamus, an haife ta a 1906, ta yi karatu a gaban Martin Heidegger da Karl Jaspers, mutanen da ko Jamusawa sai sun gyara zama kafin su buɗe littafinsu. 'Yan sandan ciki na Hitler sun kama ta a 1933, da ta kuɓuta ta tsere zuwa Paris. A 1940 Faransawa suka tsare ta a sansanin Gurs, ta sulale. Ta sauka New York a 1941 tana da shekara 34, a nan ta zauna ta koyi Turanci kamar kowane baƙo, kuma sai a 1951 ta samu takardar zama 'yar ƙasa. Abokanta irin su Mary McCarthy sun sha bin bayan rubutunta suna gyara masa zama. Wato abin da ke hannunku ma an rage masa zafi.

Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne waɗanda ke wannan kuka. Cikinku akwai waɗanda suka share shekaru a zaure a gaban malami kan Muhtasar na Halil, littafin da aka matse har layi ɗaya sai ya cinye zaman safiya guda, sai an jawo sharhi, sharhin ma a jawo masa hashiya. Ban taɓa jin wani ya ce Halil ya biya shi kuɗinsa ba. Can kun san karatu mai nauyi ba a yi masa gudu, ana ɗaukar layi biyu a tafi da su gida a kwana da su. Amma da aka ce boko, sai kuke son ku gama shi a cikin mota tsakanin Kano da Kaduna. Littafin nan bai kai shafi 400 ba. Maƙala shida ce da ya fito a 1961, aka ƙara biyu a bugun 1968 suka zama takwas. Ko wata guda kuka ba kowace, ba za ku cika shekara ba.

Ga wani albishir ga masu jin haushi: kuna da babban yaya a Ingila. Isaiah Berlin na jami'ar Oxford, wanda shi ma gwani ne a wannan fage a zamaninsa, bai taɓa ɓoye cewa ba ya ganin komai a rubutun Arendt ba. A ganinsa ba ta kafa hujja, daga wannan tunani take tsallakawa zuwa wancan. To, kuna iya fakewa a bayansa. Sai dai shi ya karanta kafin ya yi tsaki.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙar. Wani mai girma, tsohon ɗan majalisa, ya kira ni ya ce, "Malam, ka bar dogon zance. Ita wannan mata, tamu ce ko tasu? 'Yar ra'ayin riƙau ce ko 'yar neman sauyi?" Ranka ya daɗe, an riga ka. A wani taro da aka yi kan ayyukanta a Toronto a 1972, masanin siyasar duniya Hans Morgenthau ya yi mata wannan tambaya a gaban jama'a, ta ce ita ma ba ta sani ba, kuma ba ta taɓa sani ba. Masu neman sauyi na ganin ta 'yar riƙau, 'yan riƙau na ganin ta mai neman sauyi. Tun a gabatarwa ta faɗa ƙarara cewa maƙalun nan atisaye ne na yadda ake tunani, babu inda za ta gaya wa kowa abin da zai yi imani da shi. Ni dai a nan na ga tushen ciwon kanku. Kun saba da littafin siyasa mai nuna muku mugu a babi na ɗaya, ya nuna muku mai ceto a babi na ƙarshe, ku rufe kuna cewa ai dama na faɗa. Wannan kuwa duk wanda ya shigo da tutarsa sai an karɓe ta a bakin ƙofa.

Ku dubi abin da ya faru kan babin faɗa-a-ji. Wani shugaban makarantar sakandare ya rubuto yana murna: ga masaniya daga Amurka tana kukan faɗa-a-ji ya ɓace daga duniya, ashe shi ke da gaskiya da ya ƙi ajiye bulala. Malam, ka juya shafin kuwa? Cewa ta yi duk inda aka kai ga ɗaga bulala, faɗa-a-ji ya riga ya faɗi. Da jin haka wani matashi mai digirin kimiyyar siyasa ya yi tsalle, ya ce yauwa, a zauna a gamsar da yara da hujja. Ƙanena, kai ma koma ka zauna. Ta ce gamsarwa da hujja sha'anin tsara ne, inda kowa ke daidai da kowa. In sai ka ci gardama kafin a bi ka, to an jingine faɗa-a-ji a gefe. Abin da take nema wani abu ne daban da waɗannan biyu: a faɗa a bi, don mai faɗa da mai ji duk sun amince da matsayin juna, kuma mai bin bai zama bawa ba. Ta ce Girkawa ba su san shi a siyasarsu ba, Aflatun ya yi ta lalube yana kawo misalin makiyayi da garke, likita da majiyyaci, matuƙin jirgi da fasinja. Romawa ne suka same shi, suka ɗaure shi da kafuwar birninsu: iko na hannun jama'a, nauyin magana na hannun majalisar dattawa. Addini da al'ada da faɗa-a-ji kuwa tare suke tsayawa, in aka zare ɗaya sauran biyun sai su kama rawa. Mai bulala da mai digiri duk sun yi fushi, kuma da ni suka yi. Kun bar jaki kuna dukan taiki. Ni dai na lura tun ranar kuke gardama kan ko biyayyar da ɗalibi ke yi wa malaminsa tsoro ne ko girmamawa, gardamar da ba ku taɓa yi ba kafin ku sayi littafin da kuka ce ba ku gane ba.

Wata Hajiya mai makarantar firamare ta kanta ita kaɗai ta aiko da godiya, kuma kan babin tarbiyya ne. Arendt ta rubuta shi ne tana duban makarantun Amurka na shekarun 1950, inda aka yi yayin a bar yara su mulki kansu, a horar da malami dabarun koyarwa ko da bai ƙware a darasin ba, a maye gurbin karatu da wasa. Ta ce yaron da aka sake a hannun tsaransa bai samu 'yanci ba, domin danniyar taron yara ta fi ta kowane babba tsanani. Babba ɗaya kana iya yi masa tawaye abokanka su tausaya maka, amma in ajinku duka ya juya maka baya, wa za ka kai wa ƙara? Aikin malami, in ji ta, ya tsaya tsakanin tsohuwar duniya da sabon shigowa, ya ɗauki nauyin duniyar ko da ba shi ya tsara ta ba, ko da ba ta yi masa daɗi. Hajiya ta ce za ta karanta wa malamanta. Hajiya, kafin ki gama tafi: matar nan ta kuma ce tarbiyya ta yara ce, duk mai cewa zai tarbiyyantar da manya a fagen siyasa so yake ya zama waliyyinsu ya hana su sa baki. Ki tuna da wannan ranar da aka gayyace ki taron wayar da kan talakawa.

Kada ku ce na zama maroƙin Gwaggo Hannatu. Tana da inda ta zame. Da aka yi rikicin Little Rock a 1957, lokacin da sai da Shugaba Eisenhower ya tura soja suka raka yara baƙar fata tara makarantar da fararen fata suka ce tasu ce, ta rubuta wata maƙala, wadda ba ta cikin wannan littafi, aka buga a 1959, tana sukar a sa yara a gaban yaƙin da manya suka kasa gamawa, har tana ƙin a tilasta haɗa makarantu. Marubuci baƙar fata Ralph Ellison ya ce ba ta san abin da iyaye baƙar fata ke koya wa 'ya'yansu game da jure wulaƙanci ba. Daga baya ta rubuta masa ta amsa cewa wannan ɓangaren ba ta fahimce shi ba. Haka nan wanda ya rubuto cewa duniyar Gwaggo daga Atina take farawa, ta bi ta Roma da Paris ta tsaya a Amurka, shi ma ban da ta cewa. Ba za ka ga Ibn Khaldun cikin malaman da take gardama da su ba, balle Al-Maghili da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan wajiban sarakuna, ko Abdullahi ɗan Fodiyo mai Liya'ul Hukkami. Gaskiyarka. Sai dai in tambaye ka, ɗan'uwa: su ɗin ka karanta su, ko sunayensu kawai kake jifan baƙi da su?

Babin da nake roƙon kowa ya karanta, ko da shi kaɗai ne, shi ne na gaskiya da siyasa. Wani ɗan jarida ya ce shi ma ya yi masa tsawo. Kai kuma? Ai kai aka rubuta wa. Asalinsa daga bala'in da Arendt ta shiga ne. Ta je Kudus a 1961 ta halarci shari'ar Adolf Eichmann, jami'in da ya tsara jigilar Yahudawa zuwa sansanonin kisa, ta rubuta rahotonta a mujallar New Yorker a 1963. Aka yi mata ca, abokai suka yanke hulɗa, aka yi ta jingina mata maganganun da ta ce ba ta faɗa ba. Daga nan ta zauna ta tambayi kanta me ya sa gaskiya ke shan kashi a dandalin siyasa, amsar ta fito a 1967.

Ta raba gaskiya gida biyu. Akwai ta hankali, irin ta lissafi, wadda ko an ƙone littattafai wataƙila wani ya sake gano ta wata rana. Akwai ta abin da ya faru, wane ya yi kaza ranar kaza, wadda ba ta da madogara sai shaidu da takardu. In aka shafe ta, babu wani tunani da zai dawo da ita. Ta kawo misalin yadda aka goge Trotsky daga tarihin juyin juya halin Rasha kamar bai taɓa rayuwa ba. Ta kuma kawo labarin Clemenceau, tsohon firaministan Faransa, da wani wakilin Jamus ya tambaye shi yadda masana tarihi za su raba laifin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Tsohon ya nuna bai san me za su ce ba, amma ya tabbata babu mai cewa Beljiyam ce ta mamaye Jamus a 1914. Kowa na da damar fassara abin da ya faru yadda ya ga dama, amma ba shi da damar taɓa abin da ya farun. Kuma hanyar kashe irin wannan gaskiya ba lallai sai an ƙaryata ta ba, ya isa a mayar da ita ra'ayi. Ka ce an sace kuɗin, a ce maka wannan ganinka ne, kowa da nasa. Maƙaryaci kuma ya fi mai gaskiya sauƙin samun kasuwa, domin shi ya san abin da kunne ke son ji ya ɗinka labarinsa daidai da shi, mai gaskiya kuwa dole ya kawo abin yadda ya zo, ko da bai yi kama da abin da hankali zai ɗauka ba. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne ƙarshen lamarin: in ƙarya ta yi yawa ta zama tsari, mutane sukan kai inda ba sa yarda da komai, har ma'aunin da suke bambance gaskiya da ƙarya ya lalace. Wannan duk kafin a san wani abu wai shi WhatsApp. Kai da kake kwana kana bin diddigin hoton da aka ce jiya aka ɗauka alhali ya shekara biyar, har kana da bakin cewa babin ya yi tsawo?

Sauran babobin ba zan ja ku ba. Na tarihi shi ne mafi tauri, na yarda, ku bar shi sai ƙafarku ta yi ƙwari. Na 'yanci cewa yake 'yanci abu ne da ke bayyana lokacin da mutane suka fito suka fara wani sabon abu tare. 'Yancin cikin zuciya kuwa, irin wanda Epiktitas ya koyar, shi da ya taɓa zama bawa, mafaka ce ta wanda aka hana fili. Na tafiya sararin samaniya, wanda ta rubuta a 1963, shekara shida kafin a taka wata, tsoronsa shi ne in mutum ya saba kallon duniya daga can nesa, zai koma nazarin ɗan'uwansa yadda ake nazarin ɓera a ɗakin gwaji. Shawarata ku shiga ta tsakiya: tarbiyya tukuna, sai gaskiya da siyasa, sai faɗa-a-ji, sannan ku dawo ku gaisa da Kafka. Da fensir a hannu, kuma a kashe waya.

Saura Alhajin da ya ce shi ɗan kasuwa ne, ba shi da lokaci, in nemo masa wani littafin nata da bai kai wannan ba, in da rangwame ma ya fi so. Akwai, Alhaji. Sunansa The Life of the Mind. Kashi uku ta shirya yi, kan tunani, kan nufi, kan yanke hukunci. Ta gama biyu, ajali ya riske ta a New York a Disambar 1975, Mary McCarthy ta tattara aka buga a 1978. Ka ga an rage maka sulusi tun daga kamfani. Ragowar biyun kuwa, kada ka ce ban gaya maka ba, sun fi wanda ke hannunka tauri, kuma in an saya ba a mayarwa.